Littafin da Thresia Ta Bari

Matakala ashirin da uku ne zuwa saman benenmu a Thrissur.
Da ke kike ƙirga su, yanzu gwiwata ke yi.
Na hau da asuba, bokiti a hannu,
littafinki a hammata, bangonsa duk jirwayen laka.

Shekara talatin ina sayar da tikitin jirgin ƙasa,
ban san tsiron kuɓewa daga ciyawa ba.
Kin tafi a watan da sama ta tsuge,
kin bar mini buhu arba'in cike da ƙasa
da wannan rubutu naki mai kama da sawun kaza.

Shafi na huɗu:
"Ɓawon ayaba, tukar shayi, kwasfar ƙwai,
kada ɗayansu ya ga kwandon shara.
Su kwana sittin a tukunyar ƙasa.
In wari ya gudu, sun yi baƙi ƙirin, to sun nuna."
Na ɗaga murfi, sai ga tana tana murɗawa.
Na ja da baya.
A gefen shafin, kamar kina kallona:
"Ouseph, ma'aikata ne, kuma ba sa neman albashi."

Ɓawon kwakwa a gindin buhu, ya riƙe laima.
Ruwan wankin shinkafa na barkono ne, ba na magudana ba.
Na bi, ban tambayi dalili ba,
ni da ban taɓa bin maganarki sau ɗaya a faɗa ɗaya ba.

Da fararen ƙwari suka sauka bayan ganyen gauta,
mai shagon bakin titi ya miƙo mini jar kwalba
mai hoton ƙoƙon kai.
"Fesa ɗaya, Baba, ka huta."
Na juya ta, na juya ta, na mayar masa.
Na dawo na daka tafarnuwa,
man darbejiya cokali biyu, ɗan guntun sabulu.
"Da yamma," kika ce, "ganye ma yana ƙuna."
Hannuna ya kwana uku yana ɗaci.

Ɗanmu Jomon ya bugo daga nesa:
"Tumatir nawa yake a kasuwa, da za ka karya ƙafa a bene?"
Na ce masa layin ba kyau.

Shafi na goma sha bakwai ne ya ba ni haushi:
"Bar wa tsutsa gindin wake guda."
Na bari, ina ƙunƙuni.
Ta ci, ta ƙoshi, tsuntsaye suka ji labari.
Yanzu su ke sintirin safe, ni ɗan kallo.

Sai shafin ƙarshe.
"In kabewa ta yi ta fure ba ta ɗaura ɗa ba, sai a"
A nan biro ya tsaya.
Sauran takarda fari fat.

Ga kabewar ta rufe katanga,
fure rawaya ya buɗe da safe, ya faɗi da la'asar,
mako uku, ko ɗa guda.
Na zauna kan tankin ruwa ina kallon kalmar "a"
kamar za ta haihu.

Subaida ce, daga benen maƙwabta, tana shanyar kaya:
"Zuma ba ta hawowa nan, malam!
Tsinko namijin fure, ka goga wa macen,
mai ɗan kumburi a wuya. Kafin rana ta yi zafi.
Ni na koya wa matarka."

Ga ni, tsoho mai saba'in da biyu,
durƙushe ina ɗaura auren furanni,
ina waiwaye kada a gan ni.

Kwana tara, sai ga wani abu kamar dunƙulen hannun jariri
ya ɓuya ƙarƙashin ganye.

Na ƙarasa miki layin, Thresia,
da rubutuna na mai tikiti, tsaf, ba karkata.
Bai dace da naki ba.
Rabin kabewar na kai wa Subaida,
irin kuwa yana cikin toka, a gwangwanin shayinki,
kusa da tabaraunki.